Nazarin lamari: yadda wata cibiyar koyar da kwamfuta a Damagaram ta raba Python ɗin aikinta da na sabarta

Cibiyar da wannan nazari ya shafa ƙarama ce, a unguwar Zango cikin birnin Damagaram. Tana koyar da kula da kwamfuta da haɗa netwok, kuma yawancin masu zuwa ajin yamma ɗaliban Jami'ar André Salifou ne da ƴan makarantun sana'a masu son su taɓa abin da hannunsu. Kayan aikinta ba su wuce tsohuwar saba guda (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) da aka sayo ta hannu ba, mai ƙwaƙwalwar gigabayit 64, sai suwic mai haɗa na'urorin a netwok, sai UPS mai riƙe wuta na ɗan lokaci, sai kwamfutocin aji.

A cikin sabar akwai kwamfutoci kusan ashirin marasa jiki, waɗanda manhaja ke yanka wa rabo daga ƙwaƙwalwa da faifan uwar, kowace ta tashi da nata tsarin aiki. Su ne VM. Kowane ɗalibi da tasa, ya girka abin da ya ga dama, ya ɓata, ya gyara. Akwai kuma guda biyu na cibiyar kanta: ɗaya tana riƙe da rajistar ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta, ɗayar tana ajiye fayilolin darussa. Manhajar da ke ɗauke da su duka Proxmox VE ce, ta wani kamfani na birnin Biyana a Ostiriya, wadda ta fito tun 2008, an gina ta kan tsarin aiki na Debian da fasahar KVM mai tayar da VM, kuma ba a biyan ko dala kafin a yi aiki da ita. An taɓa yi wa Alhaji mai cibiyar tallar VMware, wata manhaja mai irin wannan aiki, amma da Broadcom ya sayi kamfanin a Nuwamba 2023, aka kuma janye sigarta ta kyauta mai suna ESXi a Fabrairu 2024, maganar ta mutu da kanta.

Aikin da ake so na'ura ta riƙa yi ita kaɗai ba shi da yawa. Proxmox na iya ɗaukar hoton halin da VM take ciki, ta mayar da ita ga wannan hali duk lokacin da aka nema. Kowace VM ta ɗalibi tana da hoto mai suna "tsabta", wanda aka ɗauka ranar da aka gama girka ta. Da tsakar dare a mayar da kowace ga hotonta, da safe a tayar da su kafin aji. Wani tsohon ɗalibin cibiyar ne ya rubuta ɗan sikirif, wato gajeren jerin umarni da yaren kwamfuta na Python, da ke yin haka, kafin ya samu aiki ya koma Yamai. Ya yi amfani da ƙunshin proxmoxer, wani ƙarin kayan aiki na Python wanda ke magana da Proxmox ta ƙofar API ɗinta mai lamba 8006, wadda manhajoji ke bi su ba ta umarni. Ya girka shi a kan sabar kanta da `sudo pip3 install proxmoxer requests`, ya rubuta kalmar sirrin root, asusun da ke da iko kan komai, a layi na huɗu na sikirif ɗin, ya ba cron, mai tayar da ayyuka kan lokaci, umarnin tayar da shi ƙarfe goma sha biyun dare. Abin ya daɗe yana aiki lafiya, har aka manta da shi.

Abin da ya faru

Tallafin Proxmox VE 7 ya ƙare a Yuli 2024, don haka Malamin da ke kula da na'urorin ya yi amfani da hutun damina ya ɗaukaka sabar zuwa siga ta 8. Ya bi ƙa'ida, ya ajiye kwafin komai, sabar ta tashi, VM suka tashi, shafin sarrafawa ya buɗe. Da aka koma karatu sai ɗalibai suka fara kawo ƙorafi jefi-jefi: wannan ya tarar da ɓarnar da ya yi jiya tana nan, wancan ya tarar wani abokinsa ya canja masa kalmar sirri. Malam ya ɗauka sakacin yara ne. Wasu ɗaliban ma daɗi suka ji, tunda aikinsu ya daina gogewa, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Faifan ne ya tona asiri. VM ɗin duka suna zaune cikin rumbu ɗaya na LVM-thin, irin wanda ke ba kowace na'ura alƙawarin wuri mai yawa amma ba ya cire komai sai an rubuta. Mayarwa ga hoto kowane dare ita ce ke kwashe abin da ɗalibai suka tara da rana. Da ta tsaya, tarin ya yi ta hauhawa har rumbun ya cika, Proxmox ta dakatar da na'urorin da ke neman rubutu, ta liƙa musu alamar io-error. Cikinsu har da ta lissafin kuɗi, a makon da iyaye ke zuwa biya. Nan ne Alhaji ya sauko daga ofishinsa.

Da Malam ya tayar da sikirif ɗin da hannu, amsar layi ɗaya ce: `ModuleNotFoundError: No module named 'proxmoxer'`. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Proxmox 7 tana kan Debian 11 mai Python 3.9, kuma pip, mai girka ƙunshin Python, ya zuba kayansa a `/usr/local/lib/python3.9/dist-packages`. Proxmox 8 tana kan Debian 12 mai Python 3.11, wanda ba ya leƙa foldar 3.9 ko kusa. Kayan suna nan a faifai, ba wanda ya goge su, sai dai sabon Python bai san da zamansu ba. Cron kuwa kowane dare yana aika kukan sikirif ɗin zuwa akwatin wasiƙar root, wanda ba a saita shi ya isa ga kowa ba.

Gardamar da ta biyo baya

Mataimakin Malam, matashi mai saurin hannu, ya sake buga umarnin pip ɗin nan take. Debian 12 ta ƙi, ta ce `error: externally-managed-environment`. Wannan shinge ne da aka amince da shi a takardar ƙa'idar Python mai suna PEP 668, Debian 12 ta fara aiki da shi tun fitowarta a Yuni 2023, Ubuntu kuma tun siga ta 23.04. A ƙasan saƙon akwai bayanin yadda za a tsallake shingen ga wanda ya nace.

"Malam, ga shi sun faɗa da bakinsu," in ji mataimakin. "A ƙara `--break-system-packages`, minti ɗaya an gama, Alhaji ya koma sama."

"Ƙanena, karanta sunan abin da kake so ka buga tukuna. Wa ke kunna netwok ɗin sabar nan idan ta tashi?"

Amsar ita ce ifupdown2, manhajar da Proxmox ta ɗauka a matsayin mai saita hanyoyin sadarwarta tun siga ta 7, kuma da Python aka rubuta ta. Python ɗin da ke cikin saba na tsarin ne, apt, mai girka manhajojin Debian, shi ke kula da shi, kowane ƙunshi an gwada shi da ƴan uwansa kafin a saki Debian. Abin da pip ya zuba a `/usr/local` kuwa shi Python ke fara gani kafin na apt. Ma'ana duk ƙunshin da aka jawo daga intanet mai suna ɗaya da na tsarin, shi zai shige gaba, kuma duk kayan aikin sabar da ke dogara da wannan suna za su tarar da baƙo a gurbin wanda suka sani. Ba lallai a ga illa ranar ba. Sai wata rana an sake kunna saba ta ƙi hawa netwok, ko wata sabuntawa ta tsaya a tsakiya, mutum ya rasa ta inda zai fara. Python ɗin tsari randar gida ce, kowa daga nan yake sha. Mai son wanke hannu sai ya ɗiba a buta ya koma gefe, kuma mutumin Damagaram ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar ruwan randa.

A ganina Malam ya yi daidai, amma ba don tsoron ifupdown2 kaɗai ba. Ko da tsallake shingen bai ɓata komai ba, zai sake gina ramin da aka faɗa ne: kaya a foldar da ke ɗauke da lambar sigar Python, babu takardar da ta ce ga abin da aka girka, babu wanda zai tuna ranar ɗaukakawa ta gaba. Matsalar asali ita ce ba mai iya cewa ga abin da sikirif ɗin ke bukata, ga inda yake, ga yadda za a sake haɗa shi.

An duba wasu hanyoyi a gurguje. Debian tana da nata ƙunshin proxmoxer ta apt, kuma wannan hanya ce mai tsabta, sai dai sigar da ke ciki takan zauna yadda take har ƙarshen rayuwar fitowar, Malam kuwa yana son sabbin kayan jiran aiki da ke cikin siga ta 2. Docker, mai naɗe manhaja da duk kayanta cikin akwati guda, ya yi wa aikin girma, kuma jawo akwatin da datar waya asara ce. Ansible, mai sarrafa na'urori daga nesa, shi ma proxmoxer ɗin yake kira a ƙarƙashi, don haka tambayar inda za a ajiye ƙunshin tana nan. Aka tsaya kan venv, hanyar ware wa aiki keɓantaccen muhalli mai nasa ƙunshin, wanda ke cikin Python tun siga ta 3.3 a 2012, bayan virtualenv na Ian Bicking ya share hanyar tun 2007.

Ina za a ajiye shi

Wannan tambaya ta fi ta farko cin lokaci. Ana iya yin keɓantaccen muhallin a kan sabar kanta ba tare da an taɓa Python ɗin tsari ba. Amma zai kasance rataye da sigar Python ɗin sabar, duk ɗaukakawar Proxmox sai an sake shi. Ana iya sa shi cikin wata VM, wanda shi ne abin da mutane da yawa ke yi. Illar a nan ta fito fili daga abin da ya riga ya faru: ranar da rumbu ya cika, na'urar da ya kamata ta kwashe shi ita ma tana cikin waɗanda aka dakatar.

Akwai tsohuwar laftof a ofis wadda madanninta suka mutu amma batirinta na riƙe wuta. Aka girka mata Debian 12 ba tare da allon hoto ba, aka jona ta da waya a suwic, aka rubuta `HandleLidSwitch=ignore` a `/etc/systemd/logind.conf` don kada ta yi barci idan an rufe murfin, aka saita agogonta kan `Africa/Niamey`. Tana da batirin kanta, ba ta cin wuta sosai, ba ta dogara da sabar don ta tashi. A garin da ake ɗauke wuta, waɗannan ba ƙananan dalilai ba ne. Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana shan wuta ta layin da ya taso daga Katsina, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga daga Agusta 2023 lokacin da Najeriya ta yanke layin bayan juyin mulki.

Ginin kansa gajere ne. An buɗe asusu na musamman marar iko mai suna sarrafa, aka mallaka masa foldar `/opt/sarrafa`, sannan:

```
sudo apt install python3-venv
python3 -m venv /opt/sarrafa/venv
/opt/sarrafa/venv/bin/pip install proxmoxer requests
/opt/sarrafa/venv/bin/pip freeze > /opt/sarrafa/requirements.txt
/opt/sarrafa/venv/bin/pip wheel -r /opt/sarrafa/requirements.txt -w /opt/sarrafa/kaya
```

Layi na farko ya zama dole ne saboda Debian ta ware venv a ƙunshi dabam. Ba tare da shi ba layi na biyu zai tsaya da kuka. Abin da layi na biyu ke haifarwa ba wani sabon Python ba ne. Folda ce mai ɗan fayil `pyvenv.cfg`, da `bin/python` wanda manuni ne kawai zuwa Python ɗin laftof, da wurin zuba kaya a `lib/python3.11/site-packages`. Idan aka kira Python ta wannan manuni, sai ya ga fayil ɗin a kusa da shi, ya gane cewa a nan zai nemi ƙunshi, ya kau da kai daga na tsarin. Dabarar ke nan gaba ɗayanta.

Layuka biyu na ƙarshe su ne suka fi daraja. Na huɗu ya fitar da takarda mai layi shida: proxmoxer, requests wanda ke kai masa saƙo ta netwok, da huɗun da requests ke jawowa, wato urllib3, idna, certifi da charset-normalizer, kowane da lambar sigarsa a ɗaure, kamar `requests==2.32.3`. Na biyar ya tara ainihin fayilolin ƙunshin a foldar kaya, a shirye don girkawa. Malam ya zaɓi `pip wheel` a kan `pip download` da gangan, domin wasu ƙunshin suna zuwa ne a ɗanye, sai an haɗa su kafin a girka, haɗawar kuma takan nemi intanet. Gara a haɗa su yau da ake da rezo. Dukansu ba su kai nauyin hoton waya biyu ba. Aka kwafi foldar kaya da takardar da sikirif ɗin a filash, aka sa a durowar Alhaji.

Kafin a ci gaba Malam ya sa mataimakinsa ya zare wayar intanet, ya goge muhallin da aka gama ginawa, ya sake tayar da shi:

```
rm -rf /opt/sarrafa/venv
python3 -m venv /opt/sarrafa/venv
/opt/sarrafa/venv/bin/pip install --no-index --find-links /opt/sarrafa/kaya -r /opt/sarrafa/requirements.txt
```

Yaron ya ɗan yi jim kafin ya danna layin farko. Muhallin ya dawo cikin ƙasa da minti guda. Foldar venv ba a saka ta a filash ba, kuma ba mantuwa ba ce: fayilolin da ke cikin `bin` suna ɗauke da cikakken adireshin inda aka haife su a layinsu na farko, idan aka matsar da foldar wani wuri sai su ci gaba da neman tsohon gida. Ba a kwafar venv, sake gina shi ake yi.

Wuraren da aka yi tuntuɓe

Na farko shi ne `activate`. Duk darasin da mataimakin ya gani yana farawa da `source venv/bin/activate`, har ya ɗauka shi ne makunnin muhallin. Abin da yake yi kawai shi ne sa foldar `bin` a gaban jerin wuraren da tagar umarni ke neman manhaja, don sauƙin mai bugawa da hannu. Aikin da ke tashi da tsakar dare ba shi da wannan taga. Da aka rubuta `python3 dawo.py` (dawo.py shi ne sunan sikirif ɗin) a cikin umarnin dare, Python ɗin laftof ne ya amsa, kuskuren proxmoxer ya sake bayyana. Gyaran shi ne a rubuta cikakken adireshi, `/opt/sarrafa/venv/bin/python /opt/sarrafa/dawo.py`. An kuma bar cron aka koma ga agogon systemd, mai kula da ayyukan da ke gudana a Debian, saboda yana ajiye duk abin da sikirif ya faɗa, yana kuma nuna ja idan ya faɗi. Yanzu Malam na buga `journalctl -u dawo.service --since today` kowace safiya kafin ya sha shayi, ya ga layi ɗaya ga kowace VM.

Agogon systemd yana da zaɓin `Persistent=true`, wanda ke rama aikin da aka rasa da zarar na'ura ta tashi. Ga yawancin ayyuka alheri ne. A nan bala'i zai zama: idan laftof ta kwana a mace aka kunna ta ƙarfe goma na safe, za ta goge aikin ɗalibai suna zaune a kansa. Aka bar shi a kashe, aka kuma ƙara wa sikirif ɗin sharaɗin ya duba agogo, ya ƙi mayar da komai idan ba tsakanin sha biyun dare da huɗun asuba ba ne.

Na biyu ya fi ɗaure kai, kuma muhallin ne da kansa ya haifar da shi. Proxmox tana sa wa shafinta satifiket da ita ta sa wa hannu, wanda babu kwamfutar da ta yarda da shi sai an gabatar mata. Tsohon sikirif ya kauce da `verify_ssl=False`, wato kada a bincika da wa ake magana, alhali a netwok ɗin aji ne, inda darasin mako na shida shi ne yadda ake shiga tsakanin na'urori biyu a saurari zancensu. Malam ya kwafo `/etc/pve/pve-root-ca.pem` daga saba, ya shigar da shi rumbun shaidun laftof da `update-ca-certificates`. Curl, ɗan umarnin da aka gwada buɗe shafin da shi, ya yarda nan take. Sikirif ɗin ya ƙi. Dalili kuwa, requests yana ɗauko jerin amintattun shaidu ne daga ƙunshin certifi. Wanda Debian ke bayarwa ta apt an karkatar da shi ya karanta rumbun tsarin, amma wanda pip ya girka a venv da nasa jerin ya zo, bai san an ƙara wa laftof komai ba. Keɓewar da aka nema ita ce ta yi aikinta. Aka sa `REQUESTS_CA_BUNDLE=/opt/sarrafa/pve-root-ca.pem` cikin saitin aikin na systemd, abin ya wuce.

Na uku ba na Python ba ne, amma nan ne ya kamata a fi sa ido. Venv yana raba ƙunshi da ƙunshi, ba ya kare kowa daga komai. Sikirif mai kalmar sirrin root yana iya goge sabar gaba ɗaya ko a wane muhalli yake zaune. Abin da ke taƙaita ɓarna shi ne izini. Aka tara VM ɗin ɗalibai a rukuni ɗaya mai suna dalibai, aka ƙirƙiri matsayi mai iko uku rak: VM.Audit don gani, VM.PowerMgmt don kunnawa da kashewa, VM.Snapshot.Rollback don mayarwa ga hoto. Aka buɗe asusun `sarrafa@pve`, aka ciro masa tokin na API, wato makullin da sikirif zai riƙa shiga da shi maimakon kalmar sirri, aka ba da matsayin a kan `/pool/dalibai` kaɗai. Gwajin farko ya dawo da jerin VM fanko, babu kuskure babu komai. Tokin mai rabon iko ba ya gadon izinin asusunsa kai tsaye. Abin da zai iya shi ne abin da aka ba shi aka kuma ba asusun, dukansu biyu. An ba asusun, an manta tokin. Da aka ba shi, na'urorin ɗalibai suka bayyana, biyun cibiyar kuwa ko sunansu bai fito ba.

Alhaji, wanda bai bi rabin bayanin ba, nan ne ya tsoma baki. "Malam, ka ce wannan abin ba zai iya taɓa lissafina ba?"

"Ko ganinsa ba ya yi, Alhaji."

"To, shi ke nan. Sauran naku ne."

An kuma raba musu wurin zama, aka ɗauke na'urar lissafi daga rumbun ɗalibai zuwa wani faifai dabam, abin da ya kamata a yi tun farko.

Sikirif ɗin kansa an sake shi kaɗan. Umarnin mayarwa ba ya jiran aiki ya ƙare, lambar aiki mai suna UPID yake dawowa da ita ya wuce. Tsohon sikirif yakan watsa umarni ashirin a lokaci guda kan faifai mai juyawa. Sabon yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowane da `Tasks.blocking_status` na proxmoxer, yana duba ko ya ƙare da OK. An kuma yi wa ɗaliban nan da suka ji daɗin rashin gogewa adalci: wanda ke da aikin kwana da yawa sai ya gaya wa Malam, a liƙa wa na'urarsa alamar "ajiye" a shafin Proxmox, sikirif ya tsallake ta.

Wuta

Mataimakin ya so ya rubuta wani dogon sikirif da zai kashe komai bi da bi idan wuta ta tafi. Malam ya hana, domin Proxmox ta riga ta iya wannan: idan aka ce saba ta mutu, tana rufe VM ɗinta bisa jerin da aka tsara mata, tana ba kowace lokaci ta tattara kayanta. Abin da ake bukata shi ne mai gaya mata lokaci ya yi, kuma NUT, manhajar sa ido kan UPS, na yin haka, ana samunsa ta apt, ba ruwansa da pip. Aka jona UPS da laftof ta USB, sabar tana sauraron laftof, batir na yin ƙasa ta rufe kanta.

Gurbin da ya rage wa Python ƙarami ne. Idan wuta ta kai minti biyar ba ta dawo ba, upssched na NUT ya kira wani ɗan sikirif da ke kashe VM ɗin ɗalibai, don batir ya ƙara jan lokaci ga na'urar lissafi kafin a tayar da janareta. Nan aka gano abu biyu. NUT na tayar da sikirif da asusunsa na nut ne, don haka sai an ba wannan asusu damar karanta foldar muhallin. Aka ciro masa tokin dabam mai ikon gani da kunnawa da kashewa kawai. Na biyu kuwa, suwic ɗin a bango aka jona shi. Gwajin farko wuta na tafiya laftof ta rasa hanyar zuwa saba, tana da rai, sabar na da rai, babu mai jin wani. Aka mayar da filoginsa bayan UPS.

Bayan shekara guda

Debian 13 da Proxmox VE 9 sun fito a Agusta 2025. Malam ya ɗaukaka sabar a hutun damina kamar bara. A daren sikirif ya tashi daga laftof, ya yi magana da sabuwar Proxmox ta ƙofar 8006, ya mayar da na'urori, ba a taɓa ko layi ɗaya a cikinsa ba.

Laftof ɗin aka ɗaukaka daga baya, kuma a nan muhallin ya mutu, kamar yadda aka sani zai mutu. Manunin `bin/python` yanzu yana kai wa ga Python 3.13, wanda ke neman kaya a `lib/python3.13`, foldar da babu ita. Saƙon kuskuren ma irin na bara ne harafi da harafi. Bambancin shi ne an san dalili, kuma layuka ukun sake gini suna rubuce a takarda manne da murfin laftof. Biyar daga cikin ƙunshin shida ba su da matsala, domin Python zalla ne, sunan fayilolinsu na ƙarewa da `py3-none-any`. Na shida ya tsayar da aikin. Fayil ɗin charset-normalizer da aka ajiye yana ɗauke da `cp311` a sunansa, an haɗa shi ne don Python 3.11 kaɗai, pip kuma ya ce bai ga wanda ya dace ba. Sai da aka kunna datar waya aka sake `pip wheel` a sabon Python kafin ginin ya kammala. Tun daga nan Malam ya ƙara layi a takardar: duk fayil ɗin foldar kaya mai `cp` da lamba a sunansa, a nemo masa sabo kafin a taɓa ɗaukaka laftof, a kuma sabunta filash ɗin durowa a ranar.

Abu biyu suna nan ba a warware ba. Ɗaure sigogi na nufin requests da urllib3 ba za su sami gyaran tsaro da kansu ba, tunda apt ba ya ganin abin da ke cikin venv. Malam ya ce zai riƙa sabunta su kowane hutu, ya gwada, sannan ya sake fitar da takarda, amma wannan alƙawari ne na mutum ɗaya, ba tsari ba. Sai batirin laftof, wanda zafin Afrilu da Mayu ya fara kumburawa a ɗakin da fanka kaɗai ke juyawa. Mataimakin na son a sayi ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a jona ta a UPS. Idan aka yi haka, injinta ARM ne, ba irin na laftof ba, don haka fayil ɗin charset-normalizer na foldar kaya ba zai hau ta ba ko da sigar Python ta zo ɗaya, sai an sake haɗa foldar a kanta. Alhaji ya ce a kawo masa farashi bayan sallah.